MAN BIRKI: ABIN DA MAI BABUR A KUDU YA KAMATA YA SANI

Ba ƙaramin adadi ne na 'yan Arewa ke cin abinci da babur da Keke Napep a Ikko da Badun da Fatakwal ba. Galibinsu sun san lokacin juyen baƙin mai, sun san na ɗaure sarƙa. Amma akwai wani mai da ba a cika tunawa da shi ba sai ranar da mota ta tsaya a gaba ba zato, watau man birki.

Baburan haya da yawa birkinsu na waya ne, ba ruwansu da wannan mai. Amma duk babur mai faifan birki a ƙafar gaba, irin wanda masu kai saƙo ke hawa, da mai yake aiki, haka kuma Keke Napep. Idan aka damƙe hannun birki, man ne ke bi ta tiyo ya tura fatun birki su kama faifan. Mai ba ya matsuwa, shi ya sa ƙarfin hannu ke isa ƙafa nan take. Iska kuwa tana matsuwa. Da zarar ta shiga tiyon, sai hannun ya yi laushi kamar soso, har ya taɓo kan babur bai kama kome ba.

Abu na biyu shi ne ruwa. Man birki yana tsotsar laima daga iska a hankali, ko da murfinsa na rufe. Wanda ya taso a Sakkwato ko Katsina ya saba da busasshiyar iska, amma nan Kudu damina doguwa ce, laima kuma ba ta ƙarewa. Sabon mai mai lamba DOT 4 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 230 a ma'aunin Salshiyos, amma in ya sha ruwa kusan kashi 4 cikin 100, sai ya sauko wajen 155. Na DOT 3 kuwa daga 205 yake faɗowa 140. To, mai babur da ke ta kama birki cikin cunkoso ko a gangara da kaya, man na iya tafasa, tururi ya cika tiyo, birki ya ɓace. Saboda haka ne masu ƙera babura ke cewa a sake man bayan kowace shekara 2, ko da wuri in ya yi duhu kamar shayi.

Aikin da kanikawa ke kira bilidin ba shi da wuya. Ana bukatar sabon mai, da sifana, yawanci mai lamba 8, da sukundireba, da siririn tiyo mai garai-garai, da kwalba, da tsumma. A kafe babur, a juya kansa yadda ɗan kofin man zai daidaita, a buɗe murfin. A zuƙe tsohon man da sirinji, a bar kaɗan a ƙasa, a cika da sabo. Sa'an nan a sauka wajen faifan, inda akwai wani ɗan noti mai rami. A cusa masa tiyon, ɗaya bakin kuma a tsoma shi cikin kwalbar da aka zuba wa mai kaɗan.

Daga nan sai a matsa hannun birki sau 3 ko 4, a riƙe shi a damƙe. A kwance notin rubu'in zagaye, tsohon mai da kumfa su fito, a ɗaure shi tukuna kafin a saki hannun. Wanda ya saki hannu noti na buɗe, ya sake jawo iska ciki. Haka za a yi ta maimaitawa, ana ƙara mai a kofin don kada ya ƙafe, har man da ke fita ya zama fes ba kumfa. A ɗaure notin ba da ƙarfin tsiya ba, domin yana karyewa, a cika kofin zuwa layinsa, a rufe.

Akwai abubuwan kiyayewa. Lambar man da ya dace tana rubuce a kan murfin kofin. Kada a gauraya DOT 5 da sauran, domin asalinsu ba ɗaya ba ne. Baƙin mai ko fetur in ya shiga, robobin ciki kumbura suke yi. Man da aka ɗura a buɗaɗɗiyar kwalba a bakin titi ya riga ya sha laima, araha kuwa ba ta ado. In ya zuba a jikin babur a wanke da ruwa maza, don yana cin fenti. Babur mai na'urar ABS gara a kai wa bakanike masani.

Kafin a ɗauki fasinja, lalle a tura babur a gwada birkin a fili. In har yanzu da laushi, akwai sauran iska ko wani wuri na yoyo. Kuɗin gwangwanin mai ɗaya bai kai na kwana guda a asibitin ƙashi na Igbobi ba, ga kuma iyali can gida suna jiran aike.