Zaɓen Inji da Giyabos Idan na Mota Sun Mutu

Gabatarwa

Ma'aikacin gwamnati mazaunin Runjin Sambo, wanda injin motarsa ya buga, ko giyabos ɗinta ya daina karɓar giya, yakan tarar da hanyoyi uku a gabansa: ya sayi sabo, ko ya sayi tsoho na ƙasashen waje wanda ake kira ɗan Beljiyam, ko kuwa ya sa a buɗe nasa a sake gina shi. Kowace hanya tana iya cinye albashin watanni, saboda haka ya kyautu a san abin da ke cikin kowacce.

Asalin Matsalar

A 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, kuma a shekarun nan ma'aikaci kan sami bashin mota ya fitar da 504 sabuwa ful, kayan gyaranta na asali kuwa ba su da wuyar samu. Da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin SAP a 1986, darajar naira ta faɗi, sabon kaya ya fi ƙarfin mai albashi. Daga nan ne tsofaffin motoci da injuna suka riƙa kwararowa ta Ikko da Kwatano, suna isa kasuwanni irin su Ladipo a Ikko da Ƙofar Ruwa a Kano, har zuwa shagunan Sakkwato. Faɗuwar naira a 2023 ta ƙara wa wannan hali tsanani.

Hanyoyin Uku

Sabon inji shi ne mafi kwanciyar hankali, domin ba wanda ya taɓa morarsa, kuma dillalin kamfani yakan ba da takardar lamuni. Amma sau da yawa kuɗinsa kan zarce darajar tsohuwar motar ɗungurungum.

Ɗan Beljiyam kuwa ba sabo ba ne, ba kuma gyararre ba ne. An ciro shi ne daga wata mota, aka wanke, aka ajiye. Mai saye bai san tsawon tafiyar da ya yi ba, bai kuma san dalilin da ya sa aka yar da motarsa ba. Wani yakan yi shekaru lafiya lau, wani ko wata uku ba ya kaiwa. Idan ba a gwada shi ba, cinikin biri a sama ke nan.

Sake gini shi ne inda aka fi ruɗewa. Sauya ringi da gaskit kaɗai ba sake gini ba ne. Aiki na sosai shi ne a wargaza injin duka, a auna kowane sashe, a faɗaɗa ramin silinda da gwargwado sananne, alal misali milimita 0.25 ko 0.50, a sa fistin daidai da shi, a goge kiranshaf, a sa biyarin da ya dace. In an yi haka da kaya na asali, injin yakan kusanci sabo. In an yi da jabu, ko da ƙiyasin ido, aikin banza ne.

Abin da Za a Duba

Da farko, a binciki abin da ya kashe injin na fari. A Sakkwato, inda zafin bazara kan haura digiri 40, ƙurar hunturu kuma ta toshe matatar iska, yawanci laifin na lagireto ne, ko fanka, ko baƙin mai da ya daɗe ba a juye ba. Wanda ya ɗora inji mai kyau a kan lagireto mai yoyo, ya sayi mutuwa ta biyu.

Na biyu, a tayar da injin tun yana da sanyi. Shuɗin hayaƙi alama ce yana shan baƙin mai. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya yankewa, ko baƙin mai da ya koma kamar madara, alama ce ruwa na shiga inda bai kamata ba. A giyabos mai sarrafa kansa, man da ke warin ƙuna shaida ce ta lalacewa a ciki.

Na uku, a karɓi rasit mai ɗauke da lambar injin da kwanakin gwaji, sa'an nan a gyara takardun mota su dace da sabuwar lambar, don gudun zargin sata a kan hanya.

Kammalawa

Idan jikin motar na da sauran ƙarfi, bulok ɗin bai tsage ba, ga kuma amintaccen makaniki mai kayan awo, sake gini ya fi, domin mai motar ya san abin da aka sa masa. Idan bulok ya fashe, sai ɗan Beljiyam da aka gwada a gaban ido. Sabo kuwa na motar da darajarta ta kai ne. Hausawa sun ce araha ba ta ado. A wannan ciniki, abin da mutum ya sani game da injin ya fi abin da aka rage masa a farashi.