Tseren ƙananan motocin lantarki: Me ya sa har yanzu ake ƙera su da hannu?

A ƙasashen Amurka, Birtaniya, Jamus da wasu sassan Turai, akwai dattawa da matasa da kan shafe dare suna lanƙwasa waya da yanka tagulla, domin ƙera motar da tsawonta bai wuce tafin hannu ba.

Motocin, waɗanda Turawa ke kira slot car, suna gudu ne da lantarki a kan wani titi na katako ko na roba mai tsaga a tsakiyar kowane layi. Ana sayar da su a kammale a kantuna, to amma masu wasan na haƙiƙa sun fi son su haɗa tasu da kansu. Dalili kuwa shi ne, a wannan tsere ba ƙarfin inji kaɗai ke ba da nasara ba. Abin da ya fi yin tasiri shi ne shasi, wato ƙarfen ƙasa da ke ɗauke da inji da tayoyi.

Yadda motar ke aiki

A ƙarƙashin gaban kowace mota akwai wani ɗan harshe na roba da ke shiga cikin tsagar titin, shi ne ke yi mata jagora. A gefensa biyu akwai saƙaƙƙiyar wayar jan ƙarfe da ke gogar wasu layukan ƙarfe biyu da aka shimfiɗa a bakin tsagar. Ta nan ne wuta, wadda yawanci ba ta wuce bolt 12 zuwa 14 ba, ke shiga injin.

Direba dai yana tsaye ne a gefen titi, riƙe da wata na'ura mai kunama kamar ta bindiga. Idan ya matsa, motar ta ƙara gudu. Idan ya saki, injin da kansa ya zama birki. Babu sitiyari, babu canjin giya.

Saboda haka duk abin da zai faru a kwana an riga an yanke shi tun a kan teburin maƙeri. Idan motar ta shiga kwana da gudun da ya fi ƙarfin shasinta, harshen zai fita daga tsaga, ta kife ko ta yi waje. Kafin mai kula da kwanar ya ɗauke ta ya mayar, abokan karawa sun yi nisa.

Asalin wasan

Kamfanin Lionel na Amurka ya sayar da irin waɗannan motoci tun a shekarar 1912, amma ba su yi kasuwa sosai ba. Sai a shekarun 1950 ne ƙungiyoyin masu sha'awar ƙere-ƙere a Ingila suka fara shirya gasa, da motocin da suka haɗa da injinan jiragen ƙasa na wasan yara.

A shekarar 1957 wani injiniya ɗan Birtaniya, Fred Francis, ya gabatar da Scalextric a bajekolin kayan wasa na garin Harrogate. A Jamus kuma kamfanin Carrera ya fito da nasa a 1963. Wannan ne ya shigar da wasan cikin gidajen jama'a.

A Amurka abin ya zama ruwan dare a tsakiyar shekarun 1960, lokacin da aka buɗe dubban zaurukan tsere na kuɗi, inda mutum kan biya ya hau layi na wasu mintuna. Motocin da aka fi amfani da su a can girmansu kashi 1 cikin 24 ne na motar gaske, yayin da a Birtaniya aka fi son na kashi 1 cikin 32. Titin da ya fi shahara shi ne wanda ake kira Blue King, mai layi 8 da tsawon ƙafa 155, wato kimanin mita 47.

A waɗannan zauruka ne aka gano cewa motar kanti ba ta iya ja da wadda aka ƙera da hannu.

Yadda ake ƙera shasi

Kayan aikin ba su da yawa: fallen tagulla, bututun tagulla siriri, wayar ƙarfe mai tauri irin wadda ake sa wa fiyano, da dalma da ƙarfen liƙi irin na masu gyaran rediyo. Sai kuma wani shafaffen allo mai ramuka da ake kafa sandunan tayoyi a kai, domin kada na gaba da na baya su saɓa ko da da kaurin gashi ne.

Maƙerin kan fara ne da mazaunin inji da bututun sandar tayoyin baya. Daga nan sai ya miƙa wayoyi biyu ko fiye zuwa gaba, su ne ƙashin bayan motar. Kaurin wayar da yawanta su ne ke nuna yadda shasin zai riƙa lanƙwasa. Idan ya yi tauri da yawa, motar za ta riƙa tsalle tana karkarwa a kwana. Idan kuma ya yi laushi da yawa, sai ya murɗe, tayoyi su kasa zama daidai a ƙasa.

Abu na biyu shi ne nauyi. Ana so ya sauka ƙasa iyakar iyawa, shi ya sa ake shimfiɗa fallen tagulla a gefe da gefe, dab da titi. Tazarar da ke tsakanin cikin motar da titi ba ta kai milimita 2 ba.

Abin da zai ba baƙo mamaki shi ne, waɗannan fallaye ba a liƙa su gam. Ana rataye su ne a kan 'yan ƙananan mahaɗai, suna motsi kaɗan. Wannan sassauci ne ke shanye girgizar titi, ya hana ta isa ga harshen da ke cikin tsaga. Jikin motar ma, wanda ake yi da siririyar roba marar nauyi, da allurai huɗu kawai ake maƙala shi. Mota sukutum ba ta cika wuce giram 100 da 'yan kai ba.

Inda ake ɗora inji

Da farko ana kwantar da injin ne a tsaye, yana kallon gaba, kamar na manyan motoci. Matsalar ita ce, idan injin ya juya da ƙarfi yakan nemi murɗa motar gefe guda. Wasu sai suka koma gitta shi, ya yi daidai da sandar tayoyin baya, amma hakan na buƙatar babbar giya da manyan tayoyi, waɗanda ke ɗaga motar sama.

A shekarar 1968 wani ɗan tsere a jihar California, Gene Husting, ya fito da mafita: ya karkata injin kaɗan, tsakanin tsaye da gicciye. Hakan ya ba shi damar amfani da ƙananan tayoyi tare da tara nauyi a baya. Cikin ɗan lokaci kusan duk manyan 'yan tsere suka koma wannan tsari, kuma har yau shi ne ke kan gaba a motocin da suka fi gudu.

Gyara kafin gasa

Kammala ƙira rabin aiki ne. Tayoyin baya na soso ne, kuma sai an goge su a na'ura sun zama da'ira sosai. Na gaba kuwa sirara ne masu tauri, da ƙyar suke taɓa ƙasa, don kada su ɗage harshen daga tsaga.

Akwai kuma zaɓen giya. Idan ƙaramar giyar da ke bakin inji tana da haƙora 9, babbar kuma 27, injin zai juya sau 3 kafin taya ta juya sau 1. Ƙara haƙoran babbar giya na ba da saurin tashi da birki mai kyau, amma yana rage gudu a miƙaƙƙen titi. Kowane titi da irin lissafinsa.

Riƙon taya ma yana da iyaka. Idan ya yi kaɗan, bayan motar zai riƙa zamewa. Idan ya yi yawa, sai ta tuntsure maimakon ta zame. A nan ne ake manna 'yan gutsattsarin dalma, giram ɗaya ko biyu, gaba ko baya, ana gwadawa har a dace.

Kuɗi ko gwaninta?

To sai dai wannan ci gaba ya zo da tsadarsa. Zuwa ƙarshen shekarun 1960 ƙwararru masu samun tallafin kamfanoni sun mamaye fagen, suna sake naɗa wayar injinansu, suna canza shasi kusan kowane wata. Yaron da ya tara kuɗin kashewarsa ya sayi mota a kanti ba shi da ta cewa. Jama'a suka ja da baya, kuma kafin farkon shekarun 1970 akasarin zaurukan Amurka sun rufe.

Waɗanda suka rage sun rabu gida-gida. Kamfanonin kayan wasa sun sa wa motocinsu maganaɗisu da ke manne su da ƙarfen titi, abin da ya sauƙaƙa tuƙi amma ya rage muhimmancin shasi. A ɗaya ɓangaren, motoci masu fukafukan roba da shasin da na'ura ke yankawa daga ƙarfe mai tauri sun kai ga zagaya titin Blue King cikin ƙasa da daƙiƙa 2, wato gudun da ya zarce kilomita 80 a sa'a. Injinansu na da tsada, kuma ba sa jimawa.

A tsakiyar shekarun 2000 wasu tsofaffin 'yan wasa a California suka farfaɗo da tsarin da. Dokarsu mai sauƙi ce: kowa zai yi amfani da inji iri ɗaya mai araha wanda aka rufe, ba a yarda a buɗe shi ba, shasi kuma sai na tagulla da waya, irin na shekarun 1960. Tsarin ya bazu zuwa wasu jihohin Amurka da ƙasashen waje. Kafin kowace gasa alƙalai kan auna faɗin mota da nauyinta da tazararta daga ƙasa, kuma 'yan tsere kan zagaya dukkan layuka, domin kada wani ya ci moriyar layi mai sauƙi.

A yau wasu na zana shasi a kwamfuta su buga shi da na'urar da ke fitar da abu mai jiki daga roba, musamman don ƙananan motoci. Amma a gasar masu tagulla da waya, inda injin kowa daidai yake da na ɗan'uwansa, wanda ya fi iya awo da liƙi da haƙurin gwaji shi ke da kyakkyawar damar ɗaukar kofi.