In Mota Ta Lalace Akan Sauka, Jirgin Ruwa Fa?

Duk wanda ya saba bin hanyar Gummi zuwa Anka, ko ya taɓa ratsewa ya shiga Bukkuyum, ya san abin da akan yi idan mota ta lalace: direba ya gangara gefe, yaron mota ya sa weji, fasinja su sauko suna ƙorafi su nemi inuwa, mai buta ya yi alwala, har Allah Ya kawo makaniki ko wata motar da za ta kwashe su. Ko da yake a wannan zamani tsayawa a dajinmu ma ta zama abin fargaba, duk da haka ƙasa ƙasa ce, mai ƙafa yana iya takawa. Shi kuwa wanda jirgi ya lalace da shi a tsakiyar ruwa, ba shi da gefen da zai gangara, ba shi da inuwar da zai fake, bal ma abin da yake zaune a kai shi ne kaɗai tsakaninsa da halaka. A kan wannan mas'ala nake so mu ɗan yi nazari, mu faro daga manyan jiragen Turawa, sa'an nan mu gangaro mashayarmu ta Gulbin Zamfara.

Akwai wani irin jirgi da mawadata na Amurka da Turai suke shiga, ba don fatauci ba, ba don ziyarar dangi ba, sai don shaƙatawa kawai, su yi mako guda suna kewaya teku suna ci suna sha su komo inda suka tashi. Irin wannan jirgi in ka gan shi sai ka ce unguwa ce aka ɗora bisa ruwa, hawa goma ko fiye, da ɗakunan kwana dubbai, da wuraren cin abinci, da kantuna, har da ɗakin likita. Amma abin da galibin masu shigarsa ba su lura da shi ba shi ne, rayuwar wannan unguwa gaba ɗaya a rataye take a wuyan waɗansu manyan injuna da ke can ƙasa, inda fasinja ba ya zuwa. Su ne suke ba da wutar lantarki, wutar nan kuwa ita ke juya farfela, ita ke tace ruwan gishiri ya zama na sha, ita ke sanyaya nama da madara, ita ke hura iska cikin ɗakunan da ba su da taga, kai har bayan gida ma da ƙarfinta yake zuƙe ƙazanta. Saboda haka ranar da injunan nan suka tsaya, ba tafiya kaɗai ke tsayawa ba, dukkan abin da ya mai da wurin mazaunin ɗan Adam shi ke tsayawa.

Haka ta faru ga wani jirgi mai suna Carnival Triumph, wanda ya tashi daga Galbeston ta jihar Tekzas, ya kai mutane yawo Meziko, yana kan hanyar komowa da mutum fiye da 4,200, fasinja da ma'aikata. Da asubahin Lahadi 10 ga Fabrairu, 2013, wani tiyon mai da ke jikin ɗaya daga cikin injunan ya tsage, mai ya tsiyayo bisa ƙarfe mai zafi, wuta ta kama. An kashe wutar, ba wanda ya ƙone, amma ta riga ta cinye hanyoyin lantarki, jirgi ya tsaya cik, iska da igiyar ruwa suna kaɗa shi yadda suka ga dama. Kafin a yi nisa bayan gida ya toshe, ƙazanta ta fara malalowa cikin lunguna tana jiƙa shimfiɗun ƙasa, aka rarraba wa mutane jajayen ledoji su riƙa biyan bukata a ciki. Zafi da wari suka kori jama'a daga ɗakunan da suka biya kuɗi masu yawa dominsu, suka jawo katifu zuwa saman jirgi suka kafa rumfuna da zannuwan gado, suna bin layi na sa'o'i kafin su sami ɗan burodi. Sai daren Alhamis 14 ga wata ƙananan jiragen ja suka iso da shi tashar Mobil ta jihar Alabama. Kamfanin ya mayar wa kowa kuɗinsa, ya ƙara masa dala 500, ya kuma yi masa alkawarin wata tafiyar kyauta, ga wanda yake da sauran sha'awa ke nan.

Jaridun duniya sun cika da labarin wahalar fasinja, amma ni a ganina waɗanda suka fi cancanta a tausaya musu su ne ma'aikata, mutum dubu da ɗoriya, waɗanda akasarin irinsu talakawa ne daga Filifin da Indonesiya da Indiya, da sukan bar iyalinsu watanni suna aiki ba ranar hutu domin su aika da ɗan abin masarufi gida. Su ne suka bi ɗaki ɗaki suna kwashe ledojin nan, su ne suka yi ta hawa da sauka da kaya a kafaɗa tun da na'urar hawa bene ta mutu, su ne kuma suka sha faɗan fasinja a kan laifin da ba nasu ba, alhali makwancinsu yana can ƙasa inda zafin ya fi tsanani. Fasinja ya sauka ya tafi gida da labarin da zai ba jikokinsa. Ma'aikaci kuwa, wanda wani kaso na samunsa daga ihsanin fasinja yake fitowa, in jirgi ya shiga gyara na watanni, abincinsa ne ya shiga gyara.

Wancan wahala ce da wulaƙanci. Labarin jirgi na biyu kuwa saura ƙiris ya zama makoki. Ranar 23 ga Maris, 2019, jirgin Viking Sky, sabo ne kimanin shekara biyu da fara aiki, yana ɗauke da mutum 1,373 a gaɓar Norwe, ya shiga wani wuri mai duwatsu da ake kira Hustadbika cikin hadari mai ƙarfi. Da masu bincike suka zo daga baya, sai suka tarar ba wani babban abu ne ya karye ba, baƙin mai ne bai kai ko rabin tankunansa ba, alhali maƙeran injin sun ce a riƙa zuba shi ya kai wajen kashi biyu cikin uku. Da jirgi ya yi ta tangaɗi, man ya riƙa komawa gefe, famfo ya zuƙi iska, injuna suka kashe kansu ɗaya bayan ɗaya kamar yadda aka tsara su don kada su ƙone. Iska ta tura jirgin wajen duwatsu har ya rage tazarar da ba ta fi tsawonsa ba, aka saki anga, injiniyoyi kuma suna can ƙasa suna fama har suka samu suka tayar da inji. Jirage masu saukar ungulu suka kwana suna ɗauke mutane ɗaya ɗaya da igiya, har fiye da 470, galibinsu tsofaffi, kashegari aka shigo da jirgin garin Molde. Baƙin mai dai, wanda kowane ɗan acaba a Gummi ya san a duba da safe.

Kada mai karatu ya ce wannan sha'anin Nasara ne. Kakanninmu da suka tafi Hajji a ƙasa, ta Barno da Chadi da Sudan, a Sawakin suke shiga jirgi su haye Bahar Maliya zuwa Jidda. A cikin wannan teku ne, daren 2 ga Fabrairu, 2006 wayewar 3 ga wata, jirgin Al-Salam Boccaccio 98 ya tashi daga Duba ta Saudiyya zuwa Safaga ta Masar da mutum kimanin 1,400, 'yan ƙwadago da alhazai. Wuta ta tashi inda ake ajiye motoci, aka yi ta kwarara mata ruwa, magudanan da ya kamata su fitar da ruwan suka kasa, ruwa ya taru a gefe guda, jirgi ya karkata ya nutse. Mutum fiye da 1,000 suka rasu, waɗanda suka tsira kuwa sun yi sa'o'i masu yawa cikin ruwa kafin agaji ya zo.

To, mu komo gida. Mu ba mu da jirgi mai hawa goma, abin da muke da shi kwalekwale ne na katako, wani da inji a gindi, wani da filafili da gora, kuma ba shaƙatawa ke kai mu cikinsa ba, gona ce da kasuwa da biki da jana'iza. A daminar 2024, bayan ambaliyar da ta rushe gidaje masu yawa a Gummi cikin watan Agusta, gulbi yana cike maƙil, da safiyar Asabar 14 ga Satumba wani jirgi ya ɗebi manoma zai haye da su zuwa gonakinsu, ya kife. Fiye da mutum 40 suka rasu, waɗansu lissafin ma ya haura 60. Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin bayanin da hukumomin yankin suka yi a lokacin shi ne, manoma fiye da 900 ne suke bukatar hayewa kullum, jiragen fito kuwa biyu ne tak. Wanda ya ji wannan lissafi ba ya bukatar a gaya masa sababin lodi. Kafin wannan, cikin Mayun 2021, wani jirgi da ya nufo Warra ta ƙasar Ngaski a jihar Kebbi da mutum fiye da 150 ya tsage a tsakiyar Kwara, kaɗan suka fita. A ƙarshen Nuwamban shekarar kuma, a madatsar Watari ta Bagwai a jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu 'yan makarantar Islamiyya masu zuwa Mauludi.

Yadda jirginmu yake lalacewa ba ɓoyayye ba ne ga 'yan fito. Katako yakan ruɓe a hankali, a toshe da tsumma, a sa yaro ya riƙa kwashe ruwa da ƙwarya, har ranar da kafar ta fi ƙarfin yaron. Inji kuwa, ko man da aka saya a galan ya zo da ruwa a ciki, ko fulogi ya gaji, ko farfela ta daki kututture, irin waɗanda suka cika tafkin Kainji tun da aka datse Kwara a 1968 ruwa ya binne itatuwa a tsaye. In inji ya mutu a inda ruwa ke da ƙarfi, jirgi yakan juya ya ba igiya haƙarƙari, mutane su firgita su miƙe tsaye, su rinjaya gefe guda, shi ke nan. Jirgin da ba a cika masa lodi ba yana iya jure wannan har a kai hannu ga filafili; wanda kuwa tsakanin bakinsa da ruwa bai fi taƙi guda ba, ƙiftawar ido ta ishe shi. Bambancinmu da mutanen Norwe ba a lalacewa yake ba, don nasu ma ya lalace, kuma da sakaci irin namu. Bambancin yana ga abin da ya biyo baya: su kowa da rigar kariya a jikinsa, an yi kira an amsa, mu kuwa sai ihu daga gaɓa, sai Sarkin Ruwa da masunta su faɗa da ƙarfin damtsensu, su yini suna lalube, ba albashi ba kayan aiki, sau da yawa kuma gawar ɗan'uwansu suke fitarwa.

Malamanmu na Malikiyya ba su bar wannan babi ba. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wadda ake karantawa a kowane zaure na ilmi a ƙasar nan, an kawo hukuncin hayar jirgi a wajen bayanin ijara, cewa mai jirgi ba ya cancantar ujura sai ya isar, kuma ba a ɗora masa lamunin abin da ruwa ya ci. Amma masu sharhi sun bayyana cewa wannan rangwame na wanda bai yi sakaci ba ne, bai kuma ƙetare haddi ba, wanda iska ko igiya ta fi ƙarfinsa. Wanda ya san jirginsa na mutum talatin ne ya ɗebi saba'in, ko ya san katakonsa ya ruɓe ya ce Allah Ya kiyaye kawai, wannan ba ya cikin masu uzuri. Mun yi imani da ƙaddara, kuma idan musiba ta auku ba abin da ya rage sai istirja'i da haƙuri. Amma tawakkali bayan riƙon sababi yake zuwa, kuma ban taɓa jin malamin kirki ya kira ganganci da sunan ƙaddara ba.

Sai dai adalci ne a faɗi cewa ba mai fito kaɗai ke da alhaki ba. Na sha tsayawa a mashaya da sassafe na ga yadda ake yi: mai jirgi yana cewa ya isa, ya isa, wani dattijo yana ce masa, "Haba ɗana, ni kaɗai ne zan nutsar da kai?" wani ya riga ya jefa fartanyarsa ciki, wata ta miƙa goyonta. Yaron da ya tashi a garinmu, yaya zai ce wa sa'an mahaifinsa ya sauka? Kuɗin fiton kuma bai taka kara ya karya ba, ga mai ya yi tsada, in bai cika ba bai ci riba ba. In abu ya faru, ko mai jirgi ya tafi tare da fasinjansa, ko ya tsira ya ƙare rayuwarsa yana sunkuyar da kai a gaban marayun unguwarsu.

A can ƙetare, hukumar jiragen ruwa ta duniya da ke Landan ta wajabta wa manyan jiragen fasinja da aka fara ƙerawa daga Yulin 2010 su kasance an raba injunansu, yadda in wuta ko ruwa ya ci sashe guda, ɗayan zai iya kai su tasha. Mu namu bai kai haka tsada ba. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, mai hedkwata a Lakwaja, ta riga ta hana tafiyar dare, ta hana lodi fiye da kima, ta wajabta rigar kariya; abin da ya rage shi ne a ga wannan doka a bakin gulbi, ba a takarda ba. Muna roƙon gwamnatin Zamfara da ƙananan hukumomin Gummi da Bukkuyum da Anka, tare da masarautunmu, su ƙara yawan jiragen fito tun kafin ruwa ya sauko, a rubuta wa kowane jirgi adadin mutanensa a jikinsa da fenti, a ba Sarkin Ruwa iko da ɗan alawus ya tsaya a mashaya ya ƙidaya, domin abin da yaro ba zai iya gaya wa dattijo ba, mai sarauta yana iyawa.

Kai kuma ɗan'uwa, in ka zo mashaya ka tarar ruwa ya kusa taɓa bakin jirgi, ka ja da baya da kai da iyalinka, ka jira sawu na biyu.