Abin da ya kamata ku sani game da mataimakan aikatau a Turanci

Idan Bahaushe zai nuna lokaci, galibi ba ya taɓa aikatau. Yakan ce "na rubuta", "zan rubuta", "nakan rubuta". Kalmar rubuta tana nan yadda take, ɗan abin da ke gabanta ne ke canzawa. Wanda ya gane wannan ya ci rabin nahawun lokaci a Turanci.

Aikatau na Turanci, in aka bar shi shi kaɗai, lokaci biyu kawai yake iya nunawa: write na yanzu, wrote na da. Duk sauran sai da mataimaki a gabansa. Manyan mataimakan uku ne: be, have da do, sai kuma will da 'yan uwanta irin su can da must.

Be, wato am, is, are, was, were, tana tafiya da aikatau mai -ing don nuna aikin da ake cikin yi: "She is writing", tana rubutu. Will ita ce za tamu: "I will write", zan rubuta.

A wajen have ne ɗalibanmu suka fi tuntuɓe, kuma ba laifinsu ba ne. "Na gan shi" a Hausa ta wadatar, ko jiya ne ko yanzun nan. Turanci ya raba su biyu. "I have seen him" ta ce an gani kuma zancen ya shafi yanzu, amma da zarar an ambaci jiya sai a koma "I saw him yesterday". Haka "ina zaune a Kano tun 2019" ba ta karɓar am. Sai dai "I have been living in Kano since 2019".

Do kuwa ta tambaya ce da korewa. Ga ƙa'idar da nake so kowa ya riƙe: mataimaki na farko shi ke ɗauke da lokaci, ba a ɗora shi sau biyu. Tunda did ta riga ta nuna abin ya wuce, "Did you went?" kuskure ne; "Did you go?" ake cewa.

Don Allah, duk jimlar Turancin da za ku rubuta, ku fara duba mataimakin farko kafin ku taɓa aikatau.