Yadda ake sa kwamfuta ta tashi da murya ko ta tashi shiru

Manhajar karanta allo daban take da abin da ke furta magana, ko da yake mai sauraro yakan ɗauka abu ɗaya ne. Manhajar ita ke bin rubutun da ke kan allo tana tattarawa, sannan ta miƙa wa injin murya, shi kuma ya mai da rubutun sauti. Injin muryar kan zama ɗan akwati da ake jonawa a jikin kwamfuta, irin su DECtalk da DoubleTalk, ko kuma wata manhaja kamar eSpeak da Jonathan Duddington ya rubuta. Da yake a rabe suke, ana iya tayar da manhajar tana magana, ana kuma iya tayar da ita bakinta a rufe.

Lokacin da ya fi wa mai lalurar gani wuya shi ne tsakanin danna makunni da buɗewar kwamfuta. Idan wani abu ya lalace a nan, saƙon gargaɗi zai fito a allo, shi kuwa bai san me ake ciki ba, sai ya nemo mai ido. Wannan giɓi ne manhajar karanta allo mai suna Speakup ta cike a tsarin Linux. Kirk Reiser na cikin waɗanda suka fara rubuta ta. Tana zaune ne a cikin zuciyar tsarin kanta, shi ya sa take farkawa tun kafin sauran manhajoji. An shigar da ita a matakin gwaji a Linux 2.6.37, ta zama cikakken sashe a Linux 5.9 a shekarar 2020.

Ana sanar da Speakup injin da za ta yi aiki da shi ne ta ɗan umarni da ake ƙarawa a layin tayar da Linux. Mai akwatin DECtalk Express zai rubuta speakup.synth=dectlk, mai amfani da muryar manhaja ya rubuta speakup.synth=soft. Wanda ke son shiru kuma ya rubuta speakup.synth=none. A Debian, wani nau'in Linux, da danginta ana sa umarnin cikin fayil ɗin /etc/default/grub, a gudanar da update-grub, shi ke nan ya zauna.

Tsakanin akwati da muryar manhaja akwai bambanci babba. Akwati yana da lasifikarsa, don haka yakan soma magana da wuri. Muryar manhaja kuwa dole ta jira sashen sauti ya farka, a kuma tayar da espeakup, wadda ke sada Speakup da eSpeak. Saƙonnin farko-farko sukan wuce ba a ji su ba. Duk da haka ita aka fi amfani da ita yanzu, domin kyauta ce, akwatunan kuma sun yi ƙaranci, yawancin sababbin kwamfutoci ma ba su da kafar da ake jona su.

Tashi shiru na da nasa amfani. Kwamfutar da ake tarayya a kanta a gida ko makaranta ba kowa ke bukatar muryarta ba. Wanda ke karatu da allon rubutun makafi ta manhajar BRLTTY, musamman wanda ba ya ji kuma ba ya gani, yatsunsa ne ke masa aikin. Manhajar karanta allo ta NVDA ma, wadda Michael Curran ya soma a Ostareliya a 2006 don Windows, tana da zaɓin aiki ba murya.

Abin da ya kamata a kiyaye shi ne kada a kashe murya a bar mai ita ba hanyar dawo da ita. Hanyar da ta fi aminci ita ce a shirya layi biyu a jerin GRUB, wato jerin zaɓin da ke fitowa lokacin tayar da Linux, ɗaya mai magana ɗaya shiru, a sa mai maganar ya zama na farko, domin mai ido yana ganin jerin ya zaɓa, makaho kuwa ba ya gani. Debian ta kula da wannan wajen girka tsarinta: da jerin ya bayyana kwamfuta kan yi ɗan ƙara, mutum ya danna harafin s, a wasu kwamfutocin ya bi da Enter, daga nan murya ta raka shi har ƙarshen girkawa.