Ƙiba Lokacin Goyon Ciki: Abin Da Ke Hannunki Da Abin Da Ke Hannun Maigida

A wurin awon ciki mukan ji mata na cewa mai juna biyu cin mutum biyu take yi, don haka sai a ninka mata kwano. Wasu kuma na ganin ƙibar mace alama ce ta hutu da kulawar miji. Gaskiyar magana ita ce mai ciki tana buƙatar abinci mai gina jiki fiye da da, amma ba ta buƙatar ninkin abin da ta saba ci. Ƙibar da ta wuce kima a wannan lokaci tana jefa uwa da jariri cikin haɗari.

Nauyin da ya kamata ki ƙara

Dole ne mai ciki ta ƙara nauyi. Jariri kansa yakan kai kilo 3 zuwa 3 da rabi, ga mabiyiya, ga ruwan da yake kwance a ciki, ga jinin uwa da ya ƙaru, ga kitsen da jiki ke ajiyewa saboda shayarwa. Yawan abin da za ki ƙara ya danganta da yadda jikinki yake kafin ki ɗauki ciki. Shi ya sa muke auna tsawonki da nauyinki a zuwan farko, mu fitar da wani lissafi da ake kira BMI. Misali, mace mai tsawon mita 1.6 da nauyin kilo 60 lissafinta 23 ne, wato daidai take. Idan kilo 80 gare ta a wannan tsawon, lissafinta ya kai 31, ta shiga sahun masu ƙiba.

Ƙa'idar da Cibiyar Nazarin Lafiya ta Amurka ta fitar a 2009, wadda asibitoci da yawa ke bi, ta tsara haka ga mai ɗauke da jariri ɗaya:

Ramammiya, ƙasa da 18.5: ta ƙara kilo 12 da rabi zuwa 18.
Matsakaiciya, 18.5 zuwa 24.9: kilo 11 da rabi zuwa 16.
Mai ɗan jiki, 25 zuwa 29.9: kilo 7 zuwa 11 da rabi.
Mai ƙiba, 30 zuwa sama: kilo 5 zuwa 9.

Me ya sa muke damuwa?

Ƙiba tana ƙara yiwuwar kamuwa da ciwon suga na masu ciki. Idan suga ya yi yawa a jinin uwa, yana ratsa mabiyiya ya isa ga jariri, jaririn ya yi ta tara kitse har ya kai kilo 4 ko fiye. Irin wannan jariri kan sa naƙuda ta yi tsawo, wani lokaci kai ya fito kafaɗa ta maƙale, ko kuma a ƙare da tiyata. Bayan an haife shi ma sugan jininsa na iya faɗuwa ƙasa sosai.

Haka kuma ƙiba na ƙara haɗarin hawan jini da jijjigar masu ciki, da zubar jini bayan haihuwa, da jinkirin warkewar ɗinki ga wadda aka yi wa aiki. Macen da ta yi ciwon suga lokacin ciki tana cikin haɗarin kamuwa da shi na dindindin nan gaba, ko da ya tafi bayan ta haihu.

Abin da ke hannunki

A watanni uku na farko jikinki ba ya buƙatar ƙarin abinci. Daga wata na huɗu ƙarin da ake buƙata kaɗan ne, kamar kofin nono marar suga da dafaffen ƙwai da ayaba guda a rana. A watannin ƙarshe sai a ɗan ƙara a kan haka.

Ki dubi kwanonki. Tuwo ko shinkafa kada su cinye wurin duka. Rabin kwano ya zama ganye da kayan lambu, irin su zogale, rama, alayyafo, kabeji da kuɓewa. Ragowar ki raba biyu, ɓangare ɗaya tuwo, ɗayan wake, kifi, nama, ƙwai ko awara. Gero, dawa da acha sun fi farin burodi da taliya riƙe ciki. Ki rage soye-soye kamar fanke da cincin, ki rage man da ake malalawa a miya.

Abin sha ne ke yaudarar mata da yawa. Kwalbar lemo ɗaya tana ɗauke da suga kusan cokali tara na shayi. Zoɓo, kunun aya da fura in an zuba musu suga da yawa duk tafiyar ɗaya ce. Ki sha ruwa sosai, ki ci lemon zaƙi, gwanda ko goba a maimakonsu. Gishiri kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a rana, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma ɗunƙulen sa miya daɗi ma gishiri ne ya fi yawa a cikinsa.

Game da motsa jiki, shawarar da hukumar ta bayar a 2020 ita ce mai ciki mai lafiya ta samu aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 sau biyar. Tafiya da ɗan sauri ta wadatar, ko da zagaya tsakar gida ne da safe ko bayan la'asar in rana ta yi sanyi. Idan kina iya magana kina tafiyar, ba ki wuce gona da iri ba. Ki dakata ki zo asibiti idan kika ga jini, ko faya ta fashe, ko kika ji jiri, ciwon ƙirji ko ciwon mara mai tsanani. Wadda likita ya ce ta huta saboda wata matsala, ta bi maganar likita.

Abin da ke hannun maigida da dangi

Ba adalci ba ne a ɗora wa mace laifin duka. Akwai gado, akwai yanayin jiki, sannan a yawancin gidajenmu abin da maigida ya kawo shi ake dafawa. Maigida, kuɗin katan ɗin lemo zai saye wake, ƙwai da ganye na kwanaki. Ka ba ta dama da lokacin tattaki, in da hali ka taka mata. Iyaye da surukai, a daina tilasta wa mai ciki ta cinye kwano, a daina hana ta ko da ɗaga tsintsiya alhali lafiyarta ƙalau. Bayan haihuwa kuma a yi hattara da yawan kunun kanwa, domin kanwa na tayar da hawan jini tana kuma wahalar da zuciyar mai jego.

Gargaɗi biyu

Na farko, lokacin ciki ba lokacin rage ƙiba ba ne. Kada ki yi wa kanki horon yunwa, kada ki sha shayi ko maganin rage teɓa, na bature ne ko na gargajiya. Ki ci gaba da shan maganin ƙarin jini da aka ba ki. Mai son rage nauyi ta yi kafin ɗaukar ciki, ko bayan haihuwa a hankali, shayarwa ma na taimakawa.

Na biyu, ba kowane ƙarin nauyi ne ƙiba ba. Idan nauyinki ya haura cikin 'yan kwanaki, fuska da hannuwa suka kumbura, ga ciwon kai ko gani dishi-dishi, wannan alamar hawan jini ce mai haɗari. Kada ki jira ranar awo, ki zo nan take ko da tsakar dare ne.

Ki fara awo tun cikin watanni uku na farko, ki cika zuwa takwas da ake so. Tsakanin mako na 24 da na 28 ake gwajin suga, ki tambaya in ba a yi miki ba. Duk zuwa ki nemi ungozoma ta gaya miki nauyinki, ki ga an rubuta a katinki. Allah ya sauke ku lafiya.