Daren Yawon Alewa a Amurka: Wace Unguwa Ce Ta Dace da Yara?

Duk ranar 31 ga watan Oktoba, da yamma ta yi, yara a Amurka da Kanada kan fito cikin shiga iri-iri, wani dodo, wata mayya, wani likita, wani ɗan kwana-kwana, kowa riƙe da jaka ko ɗan bokitin roba mai siffar kabewa. Gida-gida suke bi suna ƙwanƙwasa ƙofa. In mai gida ya buɗe sai su ce a ba su alewa ko su yi wa gidan tsiya, shi kuma ya yaba shigarsu, ya zuba musu minti ko cakulan, su yi godiya su ƙara gaba. Wannan shi ne yawon alewa na daren Halowin. Wanda ya tashi yana ganin 'yan tashe suna zaga gidaje daga goma ga azumi ba zai sha wahalar gane yadda abin yake ba, sai dai na can dare ɗaya ne tak, kuma awa biyu ko uku an watse.

Mutanenmu da karatu ko aiki ya kai can, musamman waɗanda suka sauka a ƙananan garuruwa, ba sa daɗewa maganar take iske su har gida. Tun farkon wata yara za su dawo daga makaranta da ita a baki. A wurin aiki kuwa za ka ji iyaye suna tambayar juna unguwar da za su kai yaransu bana. Amsar da aka fi bayarwa ita ce a tafi unguwar masu kuɗi, inda ake raba manyan sandunan cakulan maimakon 'yan ƙanana. Ni a ganina wannan amsa ta yaro ce ɗan shekara goma, bai kamata uba ko uwa su tsaya a kanta ba.

Asalin al'adar daga Ayalan da Sikotilan yake. Mutanen can na da suna da bikin ƙarshen kaka da shigowar hunturu, daga baya ya haɗu da jajibirin ranar tunawa da waliyyai ta Kiristoci, wadda take faɗowa 1 ga Nuwamba. Yara kan ɓad da kama su bi gidaje ana ba su abinci ko 'yan kuɗi. Baƙin da suka yi ƙaura zuwa Amurka, musamman bayan yunwar da ta auka wa Ayalan daga 1845, su suka tafi da ita. Amma a farkon ƙarni na ashirin daren ya fi zama na ɓarnar samari fiye da na alewa. Yawon alewar kansa bai bazu ba sai wajen shekarun 1930, ya ja baya lokacin da aka taƙaita sayar da sukari saboda Yaƙin Duniya na Biyu, sannan ya kafu sosai a shekarun 1950.

Akwai wani ɗan gari a jihar Minesota mai suna Anoka, a inda kogin Rum yake shiga Misisipi, kimanin kilomita 30 arewa maso yamma da birnin Miniyapolis. Mutanensa ba su cika dubu 18 ba a ƙidayar 2020, amma suna kiran garinsu hedikwatar Halowin ta duniya, kuma ba da wasa suke faɗa ba. Labarin da suke bayarwa shi ne, sun gaji da wayar gari su tarar an sako shanun mutane suna yawo a babban titi, an shafe tagogi da sabulu, an kife 'yan ɗakunan bahaya na katako da ke bayan gidaje. A 1920 wani ɗan kasuwa mai suna George Green da sauran dattawan gari suka yanke shawarar kada a bi yaran da sanda. Suka shirya fareti, aka raba alewa da gyaɗa da gugguru, aka hura wuta a dandali, kowa ya fito. Ɓarna ta ragu. Tun daga nan ake yin bikin duk shekara, in ban da 1942 da 1943 da yaƙi ya hana. Yanzu har faretin 'yan firamare suke yi da rana tsaka, ga na dare mai fitilu, ga babban na Asabar ɗin ƙarshen wata. A 2016 da hukumar gidan waya ta Amurka ta fitar da kan sarki mai hoton kabewar Halowin, a Anoka aka ƙaddamar da shi.

Abin lura a labarin Anoka shi ne dattawan ba su ƙara wa alewa girma ba. Manya suka fito da su waje, suka sa idon gari gaba ɗaya a kan yara. Wannan shi ne ma'aunin da ya kamata a auna kowace unguwa da shi, kuma masu tsara birane a can sun daɗe da gane haka, har wasunsu kan ce in kana son sanin ko an gina unguwa domin mutane ko domin motoci, ka je ka tsaya a cikinta daren Halowin.

Fara da nisan da ke tsakanin ƙofa da ƙofa. Yaro ɗan shekara biyar, sanye da rigar da ke masa nauyi, ga sanyi, ba zai yi doguwar tafiya ba. A tsoffin unguwannin da ke kusa da tsakiyar gari, irin waɗanda aka gina kafin mota ta zama sarki, gidaje suna jere kafaɗa da kafaɗa, ƙofofinsu na kallon titi, daga bakin hanya zuwa baranda taku kaɗan ne. A cikin rabin awa yaro ya zaga gidaje da dama, uwarsa na tsaye a bakin hanya tana ganin wanda ya buɗe masa. Je ka unguwar manyan gidaje da ke bayan gari ka gani. Kowane gida yana tsakiyar fili, daga titi sai ka bi doguwar hanyar mota kafin ka kai ƙofa, wani lokaci cikin duhu, kuma da yawa daga irin waɗannan unguwanni ba a yi musu hanyar masu tafiya a ƙasa ba ko kaɗan, domin an ɗauka kowa da motarsa. Nan yaro zai sami babban cakulan, gaskiya ne, amma a kan kwalta zai yi tafiyar, tare da motocin sauran iyayen da su ma suka zo neman babban cakulan, kowa na tuƙi yana leƙen lambar gida.

A nan haɗarin yake, kuma an auna shi. Wasu masu bincike ƙarƙashin Dokta John Staples na Jami'ar British Columbia da ke Kanada sun duba bayanan haɗurran hanya na Amurka na shekara 42, daga 1975 zuwa 2016. Sun tarar masu tafiya a ƙasa 608 ne mota ta kashe a yammacin ranakun Halowin na waɗannan shekaru, wato haɗarin ya ɗara na sauran ranaku irinsu da kashi 43 cikin ɗari. Ga yara 'yan shekara 4 zuwa 8 kuwa, ya ninka har sau goma. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Yara suna fita daidai lokacin da ma'aikata ke komawa gida kuma duhu ke shigowa. A Minesota rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida a wannan ranar. Kayan da suke sawa da yawa baƙaƙe ne. Abin rufe fuska yana tare musu gani ta gefe. Kuma yaron da ya hango fitila a gidan da ke tsallaken titi ba zai tuna da mararraba ba, ta tsakanin motocin da aka ajiye zai kutsa. Ga kuma manya da ke nasu shagalin da barasa a daren.

Abin mamaki, ba wannan ne ya fi tayar wa iyaye hankali ba. Abin da ake ta yaɗawa duk shekara shi ne wai akwai mugayen da ke sa guba ko reza a cikin alewa. Wani masanin halayyar jama'a, Joel Best na Jami'ar Delaware, ya bi diddigin rahotannin jaridu tun daga na 1958, bai sami yaro ko ɗaya da aka tabbatar alewar baƙo ta kashe shi a wannan yawo ba. Shari'ar da ta fi shahara ta faru ne a jihar Teksas a 1974, inda yaro ɗan shekara takwas ya mutu bayan ya sha alewa mai guba, bincike kuma ya nuna mahaifinsa ne, Ronald O'Bryan, ya sa gubar domin ya ci kuɗin inshora. An zartar masa da hukuncin kisa a 1984. Duba jakar yaro idan an dawo gida abu ne mai kyau, a zubar da duk abin da aka buɗe ledarsa. Amma uban da ya kwana yana jujjuya minti a gaban fitila, bayan ya bar ɗansa ya tsallaka babban titi shi kaɗai cikin baƙar riga, ya tsare inda ba a nan matsalar take ba.

Saboda haka unguwar da ta dace ita ce mai hanyar ƙafa a gefen titi, mai fitilun kan hanya, wadda motoci ba sa ratsa ta da gudu don yanke zuwa wani wuri. Titin da bai ɓulle ba yana da daɗi ga ƙananan yara saboda wannan dalili. A wasu garuruwan mazauna kan nemi izinin hukuma a rufe titinsu ga motoci na 'yan awoyi, kuma in ka ji labarin irin wannan titi, can ne wurin zuwa, amma ka ajiye motarka nesa ka ƙarasa da ƙafa. Unguwar da ke kewaye da makarantar firamare ma ba ta cika ba da kunya ba, domin nan masu ƙananan yara suke taruwa, kuma inda yara suke nan ake sayen alewa. Ba sai ka tambayi kowa ba. Zaga da mota ko da ƙafa mako guda kafin ranar, ka ƙirga gidajen da suka ajiye kabewa a ƙofa ko suka rataya ƙwarangwal ɗin roba. Gidan da ya yi ado yana jiran yara ne.

Sau da yawa ma unguwar da ta fi ita ce taka, ko da alewarta ƙanana ce. Yaro zai san fuskar tsohuwar da ke gida na uku, ita ma ta san ɗan wane ne. Ga baƙon da bai daɗe da zuwa ba, a ƙasar da za ka shekara ba ka san sunan maƙwabcinka ba, da wuya a sami wani dare da ƙofofi suke buɗewa haka.

Akwai ƙa'idojin da ba a rubuta ba amma kowa ya san su. Fitilar ƙofar gida ita ce alama: in tana kunne a ƙwanƙwasa, in tana kashe a wuce. Ba a shiga cikin gidan kowa, a bakin ƙofa ake tsayawa. In an ajiye kwano a waje, ɗaya ko biyu ake ɗauka. Yawanci ana farawa wajen biyar da rabi ko shida, zuwa takwas ko tara an gama, kuma wasu garuruwan hukuma ce ke sanar da lokacin, har wasu kan mayar da shi wata rana dabam, don haka a bincika. In ka ga kabewa mai launin shuɗi-kore a ƙofa, gidan yana ba da abin da ba na ci ba, kamar fensir ko ɗan abin wasa, saboda yaran da gyaɗa ko madara ke tayar wa borin jini. Wannan tsari ya bazu a ƙasar tun 2014. Masu zama a gidajen haya na bene ko a ƙauyen da gidaje ke warwatse kan tafi inda coci ko makaranta ta shirya rabon alewa daga but ɗin motoci a filin ajiye motoci, ko kuma titin kasuwa inda masu kantuna ke rabawa da rana. Ba shi da armashin bin gidaje, amma ga ɗan shekara uku ya wadatar.

Kada a raina sanyi a jihohin arewa. A 1991 dusar ƙanƙara ta fara zuba a Miniyapolis ranar Halowin, kafin ta tsaya bayan kwana uku ta haura santimita 70. Rigar dodo a saman rigar sanyi ake sa ta, don haka a sayo mai yalwa.

Saura maganar da na san tana ran mai karatu tun sakin layi na farko. Malaman Musulunci da yawa suna hana shiga wannan biki saboda asalinsa, haka ma wasu majami'un Kirista, kuma iyaye da dama daga cikinmu sun tsaya a kan haka. Wasu kuma suna kallonsa a matsayin wasan yara da zumuncin unguwa. Wannan hukunci ne na kowane gida da malaminsa, ba nawa ba. Wanda ya ƙi, babu mai tilasta masa: ya kashe fitilar ƙofa, ba wanda zai ga laifinsa, sai dai ya yi wa yaransa bayani tun da wuri kuma ya sanar da malamar ajinsu. Wanda ya yarda yaransa su fita, ya sani cewa alewa masu danƙo da masu laushi kamar auduga da yawansu ana haɗa su da jalatin, wanda a Amurka galibi daga fatar alade ake samo shi, don haka sai an karanta abin da aka rubuta a jikin leda kafin a bari su ci.

Ko ka yarda da bikin ko ba ka yarda ba, in kana tuƙi a wani garin Amurka a wannan yammaci, titin unguwa cike yake da yaran da ba sa ganinka. Rage gudu daga ƙarfe biyar, kunna fitilun mota tun kafin duhu, ka duba baya sau biyu kafin ka fito daga gida. In kuma naka yaran za su fita, ka ba kowannensu tocila, ka manna musu abu mai ƙyalli a riga, ka riƙe hannun ƙaramin a duk inda za a tsallaka titi.